Ta yaya zan gane ko bayanin kayan aikina yana shiryar da wakilin basira?

Tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina gina wakili na ƙirƙirarriyar basira wanda zai riƙa kula da kalanda da saƙonnin imel, kuma na haɗa shi da kayan aiki 12 (ƙananan manhajojin da yake kira su yi masa aiki, kowanne da rubutaccen bayanin abin da yake yi) ta hanyar MCP, wato ƙa'idar haɗa wakili da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Damuwata ita ce, idan aka ce masa ya ɗage taron Talata zuwa Alhamis, sai ya buɗe sabon taro ya bar tsohon yana nan daram. Sau uku ina sake rubuta bayanin kayan aikin, kuma duk lokacin da na karanta sai in ga ya fito sarai, amma idan ya yi daidai ba na iya cewa gyarana ne ya yi aiki ko kuwa dace aka yi. Da wane ma'auni ake auna ingancin irin wannan bayani?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam. Malam, karatunka ba zai zama ma'auni ba, domin kai ka san abin da ke cikin manhajar, shi kuwa wakilin ba ya ganin komai sai sunan kayan aikin, da bayaninsa, da guraben da zai cike. Abin da ake aunawa shi ne aikinsa. Ka rubuta buƙatu kamar 40 yadda mutane ke faɗarsu da bakinsu, ka rubuta a gaban kowacce kayan aikin da ya kamata a kira da abin da ya kamata a saka a gurabensa. Ka tabbata akwai buƙatu masu harshen damo, da kuma waɗanda babu kayan aikin da ya dace da su, saboda wakilin da bai san lokacin kama hannunsa ba ya fi ɓarna. Jadawalin gwajin kiran kayan aiki da masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka fitar a 2024 ma ya ware wa wannan sashe na musamman. Sannan ka maimaita kowace buƙata aƙalla sau biyar, tunda amsar waɗannan manhajoji takan sauya ko da tambayar ba ta sauya ba. Abu ɗaya za ka riƙa gyarawa kafin kowane zagaye, in ba haka ba ba za ka san wanda ya kawo sauyin ba.

Amsa ta biyu:

Na yarda da abin da ɗan'uwa ya faɗa, sai dai maki kaɗai ba ya nuna inda gizo ke saƙar. Ka zauna ka karanta kundin kiraye-kirayen da wakilin ya yi wa kayan aikin, layi bayan layi. Ni na taɓa shan wahala da gurbin kwanan wata: wakilin yana saka 03/04, wanda a Amurka yake nufin 4 ga Maris, a mafi yawan ƙasashen Turai kuwa 3 ga Afrilu. Da na rubuta a bayanin cewa a bi tsarin ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, na kuma ba da misali guda, sai kuskuren ya ragu ƙwarai. Saƙon da kayan aikin ke mayarwa idan an yi kuskure shi ma ɓangare ne na bayanin, don haka ya faɗi abin da za a gyara, kada ya tsaya ga lamba kawai.

Amsa ta uku:

A yi hattara da gyaran da zai dace da buƙatun gwaji kaɗai. Ka ware kashi ɗaya cikin huɗu ka ajiye, kada ka duba su sai ka gama gyara, kuma ka sake gwajin gaba ɗaya duk ranar da ka sauya samfurin basirar, wato manhajar da aka ɗora wakilin a kanta.

Mai tambaya:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na bi shawarar 'yar'uwa mai amsa ta biyu na karanta kundin, sai na tarar kayan gyara taro yana neman lambar shaidar taron, alhali babu inda bayanin ya ce daga kayan bincike ake samo ta. Wakilin bai da lambar, shi ya sa yake komawa ga buɗe sabo. Na ƙara jimla ɗaya a kan haka, yanzu kuma ina rubuta buƙatun gwajin kafin in sake taɓa wani abu.