Gobarar daji: me kuka yi a kewayen gidajenku kafin hunturu ya kankama?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Mun tare a sabon gida can bayan garin Bauchi, bayanmu ba kowa sai filayen da ba a gina ba, gamba da kyasuwa sun fi tsayin mutum kuma yanzu duk sun bushe ƙayau. Maƙwabta sun ce duk shekara sai yara masu farautar gafiya sun cinna wa wajen wuta. Don Allah wanda ya taɓa zama bakin daji ya faɗa mana abin da ya yi a kewayen gidansa, wanda ya yi amfani da wanda bai yi ba, hankalina ba a kwance yake ba wallahi.

Kawu Ilu:
Wa alaikumus salam 'yata. Ni a ƙauyenmu wajen Ningi na ga wuta ta ci gidaje da idona, kuma abin da zan gaya miki shi ne ba daga sama take faɗowa ba, hanya take bi. Ranar da ta shigo mana da azahar ce, iska na kaɗawa daga gabas, ta cinye ciyawar bayan gari ta zo ta kama darnin gidan farko, darnin kara ne ya jingina da rumbu, rumbun kuma jinkarsa ta kusa taɓa ta ɗakin matar gidan. Kafin a ɗebo ruwa daga rijiya dawar shekara guda ta zama toka, kana jin hatsin yana fashewa tas tas a ciki, kaji suna fita da gudu ta ƙarƙashin danga. Gidan da ke kusa da shi kuwa ko bango bai yi baƙi ba, saboda mai gidan mutum ne mai shara, ya kankare bayan gidansa da fartanya har ƙasa tsurarta, wutar ta zo bakin wajen ta rasa abin ci ta kewaye. Tun daga nan duk kaka muke fita gayya mu share kewayen gari, kuma rumbu ba ya ƙara zama jikin darni.

Maman Hanifa:
Allah ya kiyaye gaba Kawu. To kamar faɗin nawa ake sharewa?

Kawu Ilu:
Mu dai ba ma awo, amma ki duba tsayin ciyawar, in gamba ce mai tsayi kada ki yi ƙasa da taku goma, don in iska ta kwantar da harshen wuta yana miƙewa sosai. Kuma abin da aka sassabe a kwashe shi, kar a tara shi gindin katanga.

Dan Abalak:
Hajiya mu nan Nijar wannan aikin na kowace shekara ne a yankin makiyaya, Tahoua da Zinder da Diffa. Da zarar damina ta ɗauke ciyawa ta fara bushewa, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyi suna ɗaukar mutane aikin buɗe hanyoyin tare wuta, a kankare ciyawa a dogon layi mai faɗin mita 15 ko fiye, kilomita da kilomita, kuma ana yanka shi ne a gicciye da inda iska ke fitowa. Ni na yi aikin da hannuna. Ciyawar da aka kwashe ma ba asara ba ce, ana ɗaure ta a ajiye ma dabbobi don rani. Abin da zan ƙara miki shi ne ki fi ba da ƙarfi ta gefen arewa maso gabas, nan iskar hunturu take bugowa. Mu kuma shingen aguwa muke yi maimakon zana, jikinta duk ruwa ne ba ta kamawa da wuri, sai dai a kula da yara don ƙaronta yana da illa ga ido.

Baban Sadiq:
Aguwa tana da kyau amma fa sai ana share ƙarƙashinta. Na ga shingen aguwa da na bini-da-zugu waɗanda leda da busasshen ganye suka taru a gindinsu, wutar ta bi ta nan ƙasa ta wuce abinta. Ni a gidana a Kaduna ta wajen bayan gari abin da na yi, na zuba marmara na daɓe kewayen katanga ta waje, ciki kuma daga jikin bango zuwa kamar taku biyu na zuba tsakuwa, sauran tsakar gidan intalok. Ya ci kuɗi ba ƙarya, amma wanda ba shi da halin intalok marmara kaɗai ta isa, tifa ɗaya tana yin nisa. Madam ta so fulawa a jikin taga, muka daidaita aka sa su a tukwane ana ba su ruwa.

Anti Rabi:
Ni maganata a kan bishiyoyi ce, don kar mutane su ji an ce wuta su hau sare inuwa. Gidanmu akwai mangwaro da darbejiya kuma wuta ta sha zuwa bayan katanga ba su taɓa kamawa ba, ganyen gefen dai ya yi yaushi. Abin da maigida yake yi shi ne sare rassan ƙasa da waɗanda suka hau kan kwano, mu kuma muna share ganye kullum. Wadda muka cire ita ce bishiyar turare, ganyenta mai ne da shi, ɓawonta kuma yana zubowa ya taru, in ka jefa shi a murhu za ka ga yadda yake ci. Sannan ku mata don Allah harawar da ake ɗorawa kan rufin ɗaki ko kan bishiyar da ke jikin gida, a nema mata wani waje nesa da ɗakin kwana, haka itacen girki da jarkar fetur ta janareta.

Alhaji na Techiman:
Gaskiya ne Anti. Mu a Gana manyanmu har yau suna maganar gobarar 1983, shekarar fari, da ta cinye gonakin koko da abinci a ƙasar. Bayan nan ne aka yi dokar hana ƙona daji a 1990, kuma garuruwa da yawa suna da 'yan sa kai na kashe gobara. Masu gonar kashu a nan ba wanda yake bari Disamba ta same shi bai share layi ya kewaye gonarsa ba, in ka yi sakaci maƙwabcin gona ma sai ya zo har gida ya yi maka magana, don wutarka tasa ce.

Ummu Yasmin:
Ina zaune a Kalifoniya ta Amurka, nan abin doka ne ga masu gida a bakin daji, sai ka gyara ƙafa 100 a kewayen gidanka, wajen mita 30 kenan, kuma ana zuwa dubawa. Tun bayan wutar da ta cinye garin Paradise a Nuwamba 2018, mutum 85 suka rasu, sannan ta Los Angeles a Janairu 2025, abin da 'yan kwana-kwana suke ta nanatawa shi ne ƙafa 5 na farko daga jikin bango, kar a bar komai mai ci a wajen. Dalili kuwa yawancin gidaje tartsatsi ne yake kama su, iska tana ɗauko garwashi daga nesa, har fiye da kilomita, ta watsa shi cikin indararo mai ganye ko ƙarƙashin ƙofa ko ramin shan iska na rufi. Mu mun cire ɓawon itacen da ake zubawa gindin fulawa mun sa tsakuwa, mun canza ɓangaren shingen katako da ya taɓa gida zuwa ƙarfe, ramukan iska kuma an sa musu raga ta ƙarfe mai ƙananan ido. To Maman Hanifa katangar bulo za ta taimake ki sosai amma ba ta tare tartsatsi, ki duba katifa da tabarma da kwali da ake bari a tsakar gida, da tagar da ragarta ta roba ce.

Baban Sadiq:
Wasu a unguwarmu suna cewa gara mu riga yaran, mu ƙona ciyawar da kanmu tun da sauran danshi. Kawu me ka gani?

Kawu Ilu:
Ana yi, mu ma muna yi, amma ba aikin mutum ɗaya ba ne kuma ba aikin Janairu ba ne. Farkon kaka ake yi ciyawa ba ta gama bushewa ba, da sassafe akwai raɓa ko da yamma lis iska ta kwanta, bayan an riga an share layi, a sanar da mai unguwa da masu filayen, a tsaya da ɗanyun rassa da bokitai a ƙona kaɗan kaɗan, kuma ba a tafiya sai an bi kututture da kashin shanu an kashe, don su ne suke riƙe wuta har dare. Yanzu da ciyawa ta riga ta bushe haka ni ban ba da shawarar ashana ba, ku haɗa kuɗi ku ɗauki masu lauje da fartanya, masu dabbobi ma za su saye ciyawar.