Silinda biyu a baya: idan jakar iska ta fashe fa?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Mai nutso da tagwayen silindar ƙarfe, lita 12 kowace, da rigar roba mai kaurin milimita 5, zuwa zurfin mita 30: wane abin ko-ta-kwana zai riƙe idan jakar iskar baya, wadda ake hura wa iska don ta ɗago shi a ruwa, ta daina aiki?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Fara da lissafi, Malam. Iskar silindar biyu, lita 24 a matsin bar 232 (bar ma'aunin matsi ne), ta kusa kilo 7, kuma a mita 30 matsin ruwa ya ninka huɗu, ya murƙushe robar rigar, ta rage ɗago ka. Farkon nutso ne ka fi nauyi ke nan. Rigar da ruwa ba ya shiga ita ce mafita, tunda ana hura mata iska. Ka jona tiyonta a silinda ɗaya, na jakar a ɗayar.

Amsa ta 2: A ruwa mai ɗumi kamar Bahar Maliya wannan rigar takura ce. Akwai jaka mai ciki biyu, amma kada ka jona tiyon na biyun sai buƙata ta taso. Bawul ɗinsa kan yi yoyo a ɓoye, ka ga kana yin sama, kana ta sace iska daga cikin da ba shi ne ya kumbura ba.

Amsa ta 3: Ni dai da rigar roba, silindar alminiyam ta fi, don ka iya haurowa da ƙafa. Kuma galibi ba fashewa ake yi ba, gwiwar tiyon kafaɗar hagu ce ke kwancewa. Karkata wannan ɓangaren ya koma ƙasa, iska za ta tsaya. Balan-balan ɗin alama kuwa, wanda mai nutso ke hurawa ya tura saman ruwa, riƙe shi a hannu, kada ka ɗaura a jiki.