Neman shawara kan kayan koyar da auna fahimta da shifta na Turanci ga yaranmu na Makka

Malamar Yamma, Makka:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyar da yara goma sha huɗu Turanci a gidana tsakanin la'asar da magariba, kwana uku a mako, kuma dukkansu 'ya'yan Hausawa ne da aka haifa a nan, masu shekara goma zuwa sha uku. Hausa suke ji a gida, Larabci a makaranta da kan titi, Turanci kuwa ba sa haɗuwa da shi sai a littafin aji.

Abu biyu ne suka dame ni. Idan na ba su labari suka karanta a bayyane, sai ka rantse sun fahimta, amma da zarar na tambayi dalilin da ya sa tauraron labarin ya aikata abin da ya aikata, sai su nemo jimlar da ke ɗauke da kalmar da ke cikin tambayata su kwafe ta yadda take. Na biyu shi ne shifta, inda wasula suke zubewa, yaro ya rubuta "brd" yana nufin "bird". Takardun aikin da nake saukewa daga intanet ba su yi mini maganin komai ba. Ina roƙon malamai su nuna mini kayan da suka gwada.

Malamin Adabi, Jidda:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka da alheri. A ganina takardun ba su da laifi, sai dai sun fi ƙarfin yaran, domin akasarinsu an tsara su ne saboda ɗan Ingila ko Amurka wanda ya shigo aji da dubban kalmomi a bakinsa. Yaron da ke cin karo da baƙuwar kalma a kowane layi ba shi da sauran hankalin da zai bi jigo da shi, shi ya sa yake fakewa da kwafi.

Abin da nake amfani da shi shi ne littattafan adabi da aka sauƙaƙa mataki-mataki. Jerin Oxford Bookworms, alal misali, yana farawa da kalmomi 250 a matakin share fage, sannan 400 a mataki na ɗaya, 700 a na biyu, 1,000 a na uku, har zuwa 2,500 a na shida, kuma a ƙarshen kowane littafi akwai tambayoyi da ma'anar kalmomi. Ana iya dubawa a manyan shagunan littattafai irin su Jarir. Ki ba yaro shafi guda ya karanta, ya riƙa lanƙwasa yatsa duk inda ya ci karo da kalmar da bai sani ba. Idan yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafin ya ƙare, ki sauko da shi mataki, ko da uwarsa za ta ga kamar an rage masa daraja. Ki kuma karanta littafin da kanki tukuna, saboda ba kowane labari ne ya dace da tarbiyyarmu ba.

Game da tambayoyi, ki guji waɗanda amsarsu ke kwance a jimla guda. Ni nakan rubuta aukuwa shida na babin a kan ƙananan takardu, in cakuɗa su, in ce a jera su yadda suka faru, kuma babu mai iya wannan da kwafi. Sannan nakan ce a rufe littafi, wani ya tashi ya ba da labarin da Hausa ko da Larabci. Wanda ya iya bayar da shi ya fahimta, abin da ya rage masa shi ne Turancin faɗa, kuma wannan aiki ne daban.

Tsohon Malami, Madina:

'Yata, zan tsaya a kan shifta kawai. Yaranki sun saba da rubutun da ba a cika sanya masa wasali ba, saboda haka idonsu baƙaƙe yake kamawa ya ƙyale saura, ga shi kuma Turanci yana da haruffa 26 da suke ɗauke da sautuka kusan 44. Akwai kuma abin da ya keɓanci 'ya'yanmu. Larabci ba shi da "p", sai Balarabe ya mayar da shi "b". Hausa kuma ba ta rarrabe "p" da "f". Yaro guda sai ya rubuta "ben" yau, gobe ya rubuta "fen", alhali "pen", wato alƙalami, yake nufi duka biyun. Babu takardar da aka buga a Landan da ta san da wannan, dole ki haɗa naki katunan: "pan", "fan", "ban" a jere, sannan "pit", "pet", "pat", "pot", "put". Ki sa yaro ya riƙe takarda a gaban bakinsa, ya ga tana motsi idan ya furta "p".

Don kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, irin su "said" da "could", jerin kalmomi 220 da Edward Dolch ya fitar a 1936 yana nan kyauta. Hanyar haddace su ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ita ce ta allo: a duba, a furta, a rufe, a rubuta da ka, a buɗe a gyara. Kalma takwas a mako ta wadatar, a kuma maimaita na makon jiya kamar tilawa.

Ki lura da cewa littattafan makarantun gwamnati a nan, Super Goal da Mega Goal, rubutun Amurka suke bi, wato "color", yayin da yaron da za a mayar Nijeriya zai tarar da "colour". Kada ki ja masa jan biro a kan ɗaya daga cikinsu.

Malamin Adabi, Jidda:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, na yarda da katunan. Inda na ɗan saɓa shi ne jerin kalmomin da ba su da mahallin da za su zauna, domin na sha ganin yaro ya cinye shiftar ranar Alhamis, ranar Lahadi kuma ya ɓata kalmomin nan a cikin insha'insa. Na fi son rabin kalmomin mako su fito daga babin da ake karantawa, shiftar kuma ta zama cikakkiyar jimla daga labarin.

Malamar Yamma, Makka:

Na gode Malam, na gode Baba. Jiya na gwada lissafin yatsu da takardun da ke hannuna, yara goma sha ɗaya suka ƙare yatsunsu kafin rabin shafi, saboda haka zan koma matakin kalmomi 400, ƙananan kuma 250. Saura tambaya ɗaya: ba ni da halin sayen kwafi goma sha huɗu na littafi guda. Shin ya fi kyau in sayi huɗu iri ɗaya su zauna rukuni-rukuni, ko in sayi labarai daban-daban su riƙa musaya kowane mako?