Tambarin shagona ya ƙi fitowa a saman burawuza

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana harkar yanar gizo, don Allah ku taimaka min. Kwana huɗu ke nan ina fama da abu ɗaya, har ya hana ni sukuni.

Na haɗa wa shagon turarenmu da ke Kano shafi, komai ya tafi daidai, sai ɗan ƙaramin hoton nan da ke fitowa kusa da sunan shafi a saman burawuza. Na rage tambarinmu, kwalbar turare mai ruwan zinare, zuwa girman fiksel 32×32, na sa masa suna favicon.ico, na ɗora shi cikin public_html, wato foldar da ake ajiye fayilolin shafin. Na kuma rubuta layin rel="icon" mai nuna wa burawuza inda hoton yake, a cikin head, wato sashen farko na index.html, babban fayil ɗin shafin.

A Firefox ya fito tsaf. A Chrome kuwa har yanzu hoton duniyar nan mai launin toka nake gani, ko bayan na goge tarihin bincike. Wayar ƙanena ma haka.

Abin da nake zargi: asalin hoton nau'in PNG ne, sunan kawai na canza zuwa .ico. Shin nan matsalar take, ko Chrome ne ya riƙe tsohon hoton? Kuma in an ajiye shafin a fuskar iPhone, dole sai na yi wani mai 180×180 daban?

Allah ya saka da alheri.