Neman kalma: takalmin da ruwa ba ya shigarsa, me za mu kira shi?

Salamu alaikum jama'a. Ina so mu tsayar da magana ɗaya kan kalmar nan waterproof, musamman a kan manyan takalman tattaki da na farauta, irin waɗanda suke rufe idon sawu. Kalmar tana yawo a bakin 'yan gwanjo da masu saro kaya daga waje, kowa na faɗarta yadda ya ga dama, kuma rashin kalmarmu ta kanmu yana sa mutane asarar kuɗi, don akwai wata kalmar ta daban, water-resistant, da ake cakuɗa su kamar abu ɗaya ne alhali ba ɗaya ba ne ko kusa.

Da farko a cire "takalmin ruwa" daga lissafi. Wannan sunan yana da mai shi tuntuni, shi ne dogon nan na roba da manoman fadama da masu aikin kwata ke sawa. Ruwa ba ya shigarsa gaskiya ne, amma gumi ma ba ya fita, ka yi tafiyar awa uku a cikinsa ka cire ka ga yadda ƙafa ta yi fari ta jiƙe sharkaf. "But" kuma da ka faɗa hankalin kowa zai tafi filin ƙwallo.

Abin da muke nema wa suna daban yake aiki. A shekarar 1969 wani injiniya a Amurka, Bob Gore, ya gano cewa in aka ɗumama wani nau'in roba mai suna PTFE aka fizge shi da sauri, yana miƙewa ya zama siririn yadi mai ƙananan ƙofofi, shi ne Gore-Tex. Kamfanin da ke yin sa ya ce ƙofofin sun kai kusan biliyan 9 a kowane murabba'in inci, kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700, shi ya sa ruwa ba ya ratsawa amma tururin gumi yana samun hanyar fita. Ana ɗinka yadin ne kamar safa a ɓoye shi tsakanin fatar waje da shafin ciki, a bi duk ɗinkin a manne da tef don kada ramin allura ya zama ƙofa. Kamfanin Danner na birnin Fotland a jihar Oregon ne ya fara fitar da takalmin tattaki mai wannan yadin a 1979.

To da wannan bayanin sai "mara shan ruwa" ta faɗi, duk da ita ce ta fi saurin zuwa baki. Fatar wajen tana shan ruwa mana, tana jiƙewa har takalmin ya yi nauyi, ciki ne kawai ruwan ba ya kaiwa. In muka ce mara shan ruwa, mutum zai ga waje ya jiƙe ya ce an cuce shi, alhali safarsa a bushe take.

Wani ɗan uwa ya kawo "hana-ruwa", a kan ginin hana-salla. Ginin Hausa ne tsantsa, ba na musu. Matsalata da ita biyu ce. Mu ruwa kaɗai in aka faɗa sau da yawa ruwan sama ake nufi, sai kalmar ta yi kama da batun masu ɗaure hadari. Sannan kunne ya riga ya saba da "hana ruwa gudu", wadda ma'anarta kawo cikas, ni dai duk sanda na ce takalmi hana-ruwa sai na ji bakina yana neman ƙarasa "gudu".

Wadda nake goyon baya ita ce gagara-ruwa. Muna da gagara-badau, muna da gagara-gasa, kowa ya san ma'anar gagara ba sai an yi masa bayani ba: an gwada an kasa. Kuma haka abin yake, ruwan yana zuwa, yana taɓa takalmin, yana jiƙa fatar, shigar ce ta gagare shi. Wata 'yar uwa ta ce kalmar ta yi nauyi, kamar kirarin sarki ake wa takalmi. Yaya na ji maganarki, amma ni nauyin ne ma ya ja ni, don alkawari ne mai sayarwa yake ɗauka, duk wanda ya ce maka kayansa gagara-ruwa ne to ya san me ya faɗa, za ka iya tsayawa da shi a cikin baho ka ƙure shi. Kuma kalmar za ta hau kan riga da tanti da agogo da jaka ba tare da an sake mata gini ba.

Ita kuma ɗayar, water-resistant, ina ganin jure-yayyafi ta dace da ita. Wannan babu yadin nan a ciki, wani sinadari ne kawai aka fesa wa waje da yake sa ruwa ya dunƙule ya gangare, zai kai ka cikin raɓar safiya ko ɗan yayyafi, amma ka taka kududdufi ko ka bi ciyawa mai ruwa na tsawon lokaci sai ka ji sanyi a yatsu. Feshin ma gogewa yake da yau da gobe. Da kalmomi biyu a bakinmu, mai saye zai iya tambaya kai tsaye, malam wannan gagara-ruwa ne ko jure-yayyafi, kuma kuɗinsu ya bambanta.

Ga yadda ake ganewa in takalmin yana hannunka. Kwance igiyar ka ja harshen gaba. In gagara-ruwa ne na gaske za ka ga harshen a ɗinke yake da gefe da gefe har kusan sama, babu tsaga, don inda ɗinkin ya ƙare nan ne iyakar zurfin ruwan da zai iya tarewa. In harshen a sake yake tun daga ƙasa yana lilo, ko me aka rubuta a jiki ruwa zai bi ta nan. Na gwanjo kuma a duba ciki da fitilar waya, wajen dunduniya da wajen ƙaramin yatsa, in shafin ya huje to yadin ma ya tafi.

Wannan ya kawo mu kan masu faffaɗar ƙafa, wanda shi ne ɓangaren da ya fi damuna wallahi. Mu in mun ce "lamba" tsawo kawai muke nufi, 42, 43, 44, shi ke nan. A Amurka ma'auni biyu ne, tsawo da faɗi, tun shekarun 1920 suke da ƙarfen awon ƙafa na Brannock da ke auna duka biyun. A awon faɗi, na maza D shi ne daidai, 2E mai faɗi, 4E mai faɗi sosai. Na mata B ne daidai, D mai faɗi. Tunda mu ba mu da kalmar da muke tambayar faɗi da ita, sai mai faffaɗar ƙafa ya ƙara lamba ɗaya ko biyu yana neman sarari, kuma nan ake samun matsala, don inda takalmin yake lanƙwasa ba zai zo daidai da inda ƙafarsa take lanƙwasa ba, dunduniya tana zamewa sama da ƙasa, kafin a je ko'ina ƙafa ta yi bororo. In kuma ya sayi lambarsa ya ce zai saki, fata tana ɗan saki amma robar da ta zagaye gaban takalmin ba ta saki, ƙaramin yatsa ya yi ta gugar wuri ɗaya har ya huda yadin ciki, takalmin da aka saya da tsada ya fara yoyo ta nan. Wato matsi kaɗai ya isa ya kashe gagara-ruwa.

Don haka nake ba da shawarar mu riƙa cewa mai faɗin tafi, daga tafin ƙafa, ga abin da suke rubuta wa wide. Gaban takalmin kuma inda yatsu ke zama mu ce mazaunin yatsu, don wasu kamar Keen da Altra an san su da yalwar mazaunin yatsu, Meindl na Jamus kuma suna da layin da suke kira Comfort Fit saboda masu irin wannan ƙafar. Abu biyu ne daban fa, takalmi zai iya yalwar gaba amma tsakiyarsa a matse.

Gwaji mafi sauƙi, ka je saye da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi tafiyar da ita. Zaro shimfiɗar ciki ka ajiye a ƙasa ka taka ta da duk nauyinka. In gefen ƙafarka ya zubo waje da shimfiɗar, takalmin ya yi maka ƙunci ko da kuwa tsawon ya yi. A gaba kuma a bar kamar faɗin babban yatsan hannu, saboda gangara, don lokacin saukowa daga dutse ne yatsu ke dukan gaba har farce ya yi baƙi.

Saura guda ɗaya, breathable, wato takalmin da ke barin tururin gumi ya fita. Na ga masu rubuta "mai numfashi", wannan Turanci ne aka sa wa riga, takalmi ba ya numfashi a Hausa. Ina ganin fid-da-gumi ta fi, kamar yadda muke da fid-da-kai. Sai dai a sani aikin nan ya fi kyau a wuri mai sanyi irin tsaunukan Sukotland ko tudun Mambila, in waje ya yi zafi da laima tururin ba ya samun fita sosai, mafaraucin da ke shiga daji a watan Afrilu gara masa takalmin da babu yadin kwata-kwata.

In an yarda, mutum zai shiga shago ya ce ina son takalmin farauta gagara-ruwa, lamba 43, mai faɗin tafi, kuma a gane shi. 'Yan uwa na Sakkwato da Damagaram da Zangon Kumasi, dan Allah ku faɗa ta da baki ku ji, in gagara-ruwa ta ci karo da wata ma'ana a wajenku ku sanar da mu kafin mu fara rubuta ta.