Masu zama a Kataloniya, ya kuka fara da Katalanci?

Sabon Zuwa: Salamu alaikum jama'a. Ban daɗe da sauka Mataró ba, wani gari kusa da Barselona a ƙasar Sifaniya, na yi padró ɗina, wato rajistar zama a gari, sai matar da ke ofis ta ce in je in yi rajistar ajin Katalanci. Ni kuma ko Sifaniyancin bai zauna ba tukuna. Wanne ya kamata in fara? Waɗanda suka riga mu don Allah a taimaka.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam ƙanina, barka da zuwa. Ni dai Faransancin makarantar boko ne ya cece ni, bon dia, si us plau, har merci suna cewa a nan kamar a Yamai. Je ka CPNL, hukumar koyar da yaren ce tun 1989, kusan kowane babban gari akwai reshe, kuma ajin farko kuɗinsa bai kai ya kawo ba. Ka dai yi sammako ranar da aka buɗe rajista, gurbi ba ya jira.

Maman Ikram: Ni yara ne suka tilasta min. Makarantar gwamnati da Katalanci ake koyarwa, takardar malama da shi take zuwa, taron iyaye da shi, sai in zauna ina murmushi kawai alhali ana maganar 'yata ban san me ake cewa ba, ran nan na ce a'a wannan ba zai yiwu ba. Ajin safe nake zuwa bayan na kai su. Da yamma mu kalli katun na SX3, tashar talabijin ta yara, tare, ita Ikram ɗin ce ma ke gyara min baki yanzu tana dariya.

Alhaji na Vic: Yaro, amsar tana ga garin da kake. A Barselona mutum zai shekara goma da Sifaniyanci kaɗai ba abin da ya dame shi, amma nan Vic ko Olot ko ƙauyukan Lleida wajen tsinkar 'ya'yan itace, manomi da nasa yaren yake tashi yake kwana. Lokacin da na nemi takardar arrelament, ta neman izinin zama ga wanda ya daɗe a ƙasar, sai da na nuna shaidar awa 45 na aji, ka tambaya ko yanzu haka ne don dokar ta sha canji. Kuma a koya maka agogonsu da wuri! Dos quarts de tres ƙarfe biyu da rabi ne, ba uku da rabi ba, mutane nawa likita ya wuce su saboda haka.

Ɗan Damagaram: Alhaji ai abin da ya fi ci min rai ba agogo ba ne. Ka haɗa jimlarka tun daga gida, ka shiga shagon burodi ka faɗa, da sun ga baƙar fata sai su juya maka Sifaniyanci. Su a ganinsu taimako ne. To da wa zan koya? Yanzu ci gaba nake da nawa kawai har su gaji su dawo.

Maman Ikram: Wallahi haka ne yaya. Maganinsa Voluntariat per la Llengua, a haɗa ka da ɗan gari ku yi hira awa ɗaya a sati har sati goma, kyauta. Tawa wata dattijuwa ce, kasuwa muke zagawa tana nuna min sunan kayan miya.

Sabon Zuwa: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Aikin dare nake, akwai na waya?

Alhaji na Vic: Akwai shafin intanet na Parla.cat, shiga ka yi rajista. Amma waya ba za ta buɗe maka baki ba, ranar hutunka ka leƙa aji.