Madaci ko madobiya: wanne zai riga ƙarewa?

Baba Kafinta: Jama'a, ni dai na ce madaci zai riga madobiya ƙarewa. Ku dubi waɗanda ke bakin titi a cikin garin Bauchi, duk an sassaƙe musu ɓawo don maganin ciwon ciki. Itacen da aka zagaye da sassaƙa ai a tsaye yake mutuwa.

Malamar Gona: Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Tun 2018 ƙungiyar IUCN, mai lissafa halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa a duniya, ta sa madobiya cikin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa. Madaci yana mataki ɗaya ƙasa da ita.

Ɗan Alkaleri: Malama ta fi gaskiya. Mai magani wuƙa yake riƙe da ita, mai madobiya kuwa injin zarto da tirela. Ita ce 'yan katako ke kira "Madrid". A tambayi mutanen Taraba yadda aka yashe musu daji ana loda gungume zuwa Legas, daga nan sai Sin, inda ake gadaje da kujerun alfarma da jan katakonta. Shi ya sa aka saka ta cikin yarjejeniyar CITES, ta taƙaita cinikin dabbobi da itatuwan da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe, a 2016, a 2018 kuma aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita.

Ardo: Duk ba ku ambaci dabba ba. A ƙarshen rani, da ciyawa ta ƙare, ganyen madobiya da na madaci ne ke riƙe mana shanu. Mu reshe muke sara, ba ma kayar da itace.

Malamar Gona: Haka ne, Ardo, amma reshen da ake sarewa duk shekara yaushe zai yi fure, balle iri?

Baba Kafinta: To ai madacin ma an saka shi a yarjejeniyar, 'yata.

Malamar Gona: An saka, Baba, a taron Panama na 2022, shi da kawo. Sai dai madaci ana shuka shi, har a Ostireliya akwai gonakinsa. Madobiya fa, wa ka taɓa gani ya dasa ta a ƙofar gida?

Baba Kafinta: Na Ostireliya nasu ne. Ni na Bauchi nake magana, kuma ban janye ba.

Ardo: Malama, in akwai dashen madobiya a wajen masu renon itatuwa na Gombe, ki sanar da ni kafin damina ta faɗi.